Zanen da Aka Yi da Ƙasar Rijiya

A tsakiyar birnin Bangalor da ke kudancin Indiya akwai wata tashar jirgin ƙasa na cikin gari mai suna Cubbon Park. A jikin bangonta akwai wani dogon zane mai launin ja-ja da ruwan ƙasa, yana ba da labarin ruwan birnin da mutanen da suka haƙa masa rijiyoyi tun kaka da kakanni. Ba da fentin kanti aka yi shi ba. Ƙasa ce, wadda aka fito da ita daga rijiyoyi fiye da 60 da aka haƙa a lambun shaƙatawar da ke maƙwabtaka da tashar, aka kwaɓa ta, aka yi launi da ita. A shekarar 2019 aka yi aikin. Masu zane na wani shiri mai suna Art in Transit na makarantar fasaha ta Srishti ne suka ja gaba, tare da ƙungiyar Biome mai harkar ruwa da muhalli. Dubban mutane na wucewa ta gabansa kullum, masu zuwa ofis da masu komawa gida, kuma duk wanda ya tsaya ya tambayi inda aka samo wannan ƙasa, to an riga an ja shi cikin zancen ruwan sama ba tare da an yi masa lacca ba.

Sai an san halin da birnin ke ciki sannan za a gane nauyin wannan bango. Bangalor tana kan tudu ne, kimanin mita 900 sama da teku, kuma ba ta da wani babban kogi nata. Mutanen da suka kafa ta sun san da haka, shi ya sa suka cika ƙasar da tafkunan da suka gina da hannu, jere da juna, in na sama ya cika ya tumbatsa cikin na ƙasa. Da birni ya bunƙasa sai aka bi tafkunan nan ana cikewa. Babbar tashar motar garin da ake kira Majestic a kan tafkin Dharmambudhi take, filin wasa na Kanteerava kuma a kan tafkin Sampangi. Yau mutum fiye da miliyan 13 ne a birnin, kuma mafi yawan ruwan famfonsu daga kogin Kaveri ake turo shi da injuna, tafiyar kusan kilomita 100, ana hawa tudu da shi. Unguwannin da famfo bai kai ba sun dogara da burtsatse da motocin tanka, kuma a bayan gari akan nitsa ƙafa 1,000 har fiye kafin a taɓa ruwa, in ma an taɓa.

Abin takaicin shi ne ruwan sama bai yi wa garin rowa ba. A shekara yakan samu tsakanin milimita 900 zuwa 1,000. Sai dai ya faɗi a kan kwalta da siminti da rufin gidaje, ya rasa hanyar shiga ƙasa, ya bi titi. A watan Satumba na 2022 ambaliya ta sa ma'aikatan manyan kamfanonin kwamfuta hawa tarakta don su kai ofis. Shekara ɗaya da rabi bayan haka, a watan Maris na 2024, dubban rijiyoyin burtsatse suka ƙafe, har hukumar ruwa ta hana wanke mota da ban ruwan fulawa da ruwan sha, ta sa tarar rupi 5,000 ga wanda aka kama. Gari ɗaya ne, ruwa ya cinye shi da damina, ƙishirwa ta kama shi da bazara.

Wani injiniya mai suna S. Vishwanath, ɗaya daga cikin jagororin Biome, ya daɗe yana cewa maganin yana ƙarƙashin ƙafar mutane. Shi da abokan aikinsa suka ɗauko gangamin haƙa rijiya miliyan ɗaya a birnin. Amma rijiyar tasu ba ta jan ruwa ba ce tun farko, ta zuba ruwa ce. Akan haƙa rami mai faɗin kamar ƙafa 3 da zurfin kamar ƙafa 20, a jera zobban siminti a ciki, a cika gefensu da tsakuwa, a rufe bakin da murfi. Sai a haɗo bututu daga rufin gida ko daga magudanar ruwan sama, ya bi ta matattarar da za ta riƙe ganye da yashi, ya zuba a ramin. Ruwan ya tsaya na ɗan lokaci, ya tsotse a hankali cikin ƙasa mai laushi da ke saman dutse. In rijiyoyi irin wannan suka yi yawa a unguwa, ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan taso, tsofaffin rijiyoyin da suka bushe su farfaɗo, titi kuma ya rage cika. Babu inji, babu lantarki, babu kayan da sai an yi odarsu daga waje.

Su wa ke iya wannan haƙa? Wata al'umma ce da ake kira Mannu Vaddar, waɗanda aikin ƙasa ne gadonsu. Kakanninsu ne suka haƙa tafkuna da rijiyoyin yankin na ɗaruruwan shekaru. Da motocin burtsatse suka shigo, sai kasuwarsu ta mutu, da yawansu suka koma leburanci a wuraren gini. A tsarin rarrabe mutane na Indiya kuwa, dama suna can ƙasa, ba masu shiga hoto ba ne. Gangamin rijiyoyin nan ya dawo musu da sana'a, zanen tashar kuma ya yi musu abin da kuɗin aiki ba zai yi ba: ya ɗora su a bango a tsakiyar birni, kusa da majalisar jiha da babbar kotu, da ƙasar da hannunsu ya haƙo. A ganina nan ne aikin ya yi zarra. Ruwan ƙarƙashin ƙasa abu ne da ido ba ya gani, mahaƙin rijiya kuma mutum ne da ido ba ya tsayawa a kansa. Masu zanen sun fito da duka biyun fili a lokaci guda.

Na san akwai mai cewa, to shi zane ruwa yake tarawa? Gaskiyarsa. Bango bai taɓa cika wa kowa randa ba. Jihar Karnataka, wadda Bangalor ke cikinta, ma tana da doka tun 2009 da ta wajabta wa gidaje masu wani girma a Bangalor su tanadi hanyar tara ruwan sama, har da tara ga wanda ya ƙi. Amma doka takan sa mutum ya kafa bututu don jami'i ya gani ya wuce. Ba ta sa shi ya share matattara kafin damina, ba ta sa ya ji kunyar barin ruwa ya tsere ta ƙofar gida. Wannan sai abin ya shiga rai, kuma shigar da abu rai shi ne sana'ar mai zane da mawaƙi da ɗan wasan kwaikwayo. Inda nake tare da mai sukar shi ne: zanen da babu rijiya ko tanki a bayansa kwalliya ce kawai. Darajar bangon Cubbon Park ita ce rijiyoyin suna nan, taku kaɗan daga wurin, mutum zai iya zuwa ya gan su.

A Amurka salon ya sha bamban. Garuruwa da dama sukan raba wa masu zane da 'yan makaranta duro na roba, kowa ya ƙawata nasa da kifi ko furanni ko taswirar kogin garinsu, a baje su jama'a su kalla, sannan a yi gwanjonsu. Birnin Cincinnati na jihar Ohio ya yi suna da wannan, inda akan jera durorin a gidan zu na garin. Wanda ya saya sai ya kai gida ya ajiye a ƙarƙashin bututun rufi, ya riƙa ban ruwan lambu da abin da ya taru. Abin sha'awa ne, kuma yara na son sa. Sai dai mu yi lissafi. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na rufi lita ɗaya ne. Duron nan lita 200 da 'yan kai yake ci. Rufi mai murabba'in mita 100 zai cika shi da milimita 2 kacal, wato yayyafin da ko ƙura bai gama kwantarwa ba. Sauran ruwan duk ya tafi. Saboda haka amfanin duro mai zane ba a yawan abin da yake riƙewa yake ba. Amfaninsa shi ne mai gida ya ga ya cika cikin 'yan mintoci, ya tsaya yana mamakin yawan ruwan da ke sauka daga kansa shekara da shekaru bai sani ba. Wasu daga nan suke sayen babban tanki. Wasu kuma a duron suke tsayawa, sun samu ado a tsakar gida.

A gefe guda, kada mai karatu ya ɗauka ko'ina ruwan sama na wanda ya faɗo wa rufi ne. A jihar Colorado, saboda tsohuwar dokar rabon ruwan koguna, sai a 2016 aka halatta wa galibin masu gidaje ajiye duro, shi ma biyu kawai.

A birnin Seattle kuwa mazauna unguwar Belltown ne suka tashi da kansu suka ce suna son titinsu mai suna Vine ya zama kore. Wani mai sassaƙa, Buster Simpson, ya ƙera musu tankin ƙarfe shuɗi mai tsayin kamar mita 3 a bakin hanya, da siffar hannun riga, tafin hannu ya fito daga samansa yana miƙa yatsa zuwa bututun da ya sauko daga rufin bene. Ruwa ya bi yatsa ya shiga tanki, in ya cika ya gangara cikin kwamin shuke-shuke. Dabarar a nan ita ce bayyanawa. Injiniyoyin birane sun saba binne ruwan sama cikin kwalbati da gaggawa, tamkar abin kunya. Simpson ya ɗaga shi sama inda mai wucewa zai bi tafiyarsa da ido tun daga rufi har ƙasa.

Misalin da ya fi kama da rayuwarmu yana Meziko. Babban birnin ƙasar an gina shi ne a kan busasshen tafki, yana nitsewa a hankali saboda yawan zuƙe ruwan ƙarƙashinsa, ga ambaliya duk damina, ga unguwannin talakawa na jiran tanka. A 2009 wasu matasa, cikinsu har da Enrique Lomnitz da Renata Fenton waɗanda suka karanta fasahar ƙere-ƙere, suka kafa ƙungiyar Isla Urbana, suka fara kafa wa gidaje na'urar tara ruwan rufi a unguwannin kudancin birnin. Sun ƙera wani ɗan tanki da suka sa wa suna Tlaloque, aikinsa ya kama ruwan farko mai ɗauke da ƙura da kashin tsuntsu ya ware shi gefe, sai mai tsabta ya wuce babban tanki. Da na karanta bayanin na'urar sai na tuna iyayenmu mata a Kano. In hadari ya haɗo akan fito da bokitai da bahuna a jera, amma ba mai tara su nan take. Sai an ce, "Ku bari ya wanke kwano tukuna." Ilimin ɗaya ne, su dai sun mayar da shi roba da bututu ta yadda ko mai gida na barci aikin zai gudana. A 2019 gwamnatin birnin, ƙarƙashin Claudia Sheinbaum wadda daga baya ta zama shugabar ƙasa, ta ɗauki tsarin a matsayin shirin hukuma, aka fara da Iztapalapa da Xochimilco, aka kai shi dubban gidaje.

Inda fasaha ta shigo sosai shi ne a tsaunukan jihar Jalisco, wurin al'ummar Wixárika, mutanen da aka sani da aikin duwatsun ado da zanen zare mai launuka. A ƙauyen La Cebolleta, a da mata da yara ne ke gangarawa nesa su ɗebo ruwa a idon ruwa, su hauro da shi. Tun 2010 Isla Urbana ta haɗa kai da wata ƙungiyar masu fasaha, Proyecto ConcentrArte, cikin wani shiri mai suna Ha Ta Tukari. Masu bututu suna kafa tanki, masu fasaha suna zama da yara da iyaye mata ana zane da wasan kwaikwayo da ba da labari a kan ruwa da wanke hannu da kula da tanki. Dalilin a fili yake. Mutanen da suka sha ganin baƙi sun zo da mota sun kafa abu sun ɗau hoto sun tafi, ba za su yarda da kai don ka nuna musu takarda ba, balle in harshenku ba ɗaya ba. Amma in ɗan gida ne ya fito a wasan, uwarsa za ta zo kallo, kuma abin da ta ji daga bakinsa zai zauna. Mu ma nan mun ga famfunan tuƙa-tuƙa da aka ƙaddamar da kiɗa da jawabi, bayan shekara biyu suka zama wurin ɗaure awaki, don ba wanda ya taɓa jin cewa nasa ne.

To mu fa? Ba na son in ce mu kwafo Bangalor, domin ruwanmu ba irin nasu ba ne. Nasu yakan bazu cikin watanni da yawa, namu kuwa a wata huɗu ko biyar yake zubowa gaba ɗaya, sannan a shiga dogon rani. Amma lissafin nan na ɗazu yana aiki a ko'ina. Gida mai rufin kwano na murabba'in mita 100, a shekarar da aka samu milimita 800, abin da ba baƙo ba ne a Kano, lita 80,000 ne ke sauka a kansa. A cire kashi ɗaya cikin biyar na ruwan farko da wanda ya fantsale, saura lita 64,000, wato jarka mai lita 25 guda 2,560. Mai karatu ya tambayi ɗan ga-ruwan unguwarsu kuɗin jarka a watan Afrilu, ya ninka da kansa. Ko a Damagaram, inda ƙarancin ruwa ya zama abin da aka san garin da shi kuma damina ba ta cika wuce milimita 400 da wani abu ba, rabin wancan adadin ba abin rainawa ba ne. Babu tankin gida da zai riƙe wannan duka, shi ya sa dabarar mayar da rarar cikin ƙasa ta cancanci a duba ta, musamman a garuruwa irin Kano da Zariya da ke zaune a kan dutse mai lulluɓe da ƙasa mai laushi, kamar dai Bangalor.

Kuma ba daga sifili za mu fara ba. Maginan gargajiya sun daɗe da haɗa ado da sarrafa ruwa. Dubi tsohon soro a cikin birnin Zariya ko unguwar Birni a Damagaram: indararo ya miƙo daga rufi yana jefa ruwa nesa da gindin bango, zanko a tsaye a kusurwa, fuskar zaure cike da zane, an shafe da makuba don kada ruwa ya ci ginin. Ramin da aka ɗebi ƙasar ginin shi ne ya zama kududdufin unguwa, mai karɓar ruwan damina yana shayar da rijiyoyin da ke kewaye. Kududdufan Kano da yawa yau an cike su da bola an yanka filaye, tsakar gida an malale da siminti, ƙofar gida an shimfiɗa intalok. Sai mu yi ta mamakin yadda ruwan awa biyu ke shiga ɗakuna, rijiyar gidan kuma ta ƙafe tun kafin bazara.

Masu fasaha kuwa muna da su har sun yi yawa. Akwai masu zanen bayan manyan motoci, akwai masu rubuta allon shago, akwai ɗaliban sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ya yi suna tun zamanin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, akwai 'yan wasan kwaikwayo na rediyo da na Kannywood. Wanda ke ƙyamar zana mai rai a bango, musamman kusa da masallaci ko islamiyya, ba a rasa masa mafita ba. Dagin Arewa da zayyana irin ta allon sauka da rubutun ajami sun ishe shi. Ana ma iya zana ma'auni a jikin tanki, layi-layi, kowane layi da adadin litarsa, yara su riƙa zuwa bayan kowane ruwa suna duba inda ya kai. Malamin lissafi ya samu darasi kyauta.

Akwai abubuwan da in aka yi sake da su alheri zai koma cuta. Tanki ko duron da ba shi da murfi da raga gidan sauro ne. Fenti a bayan tanki ake shafa shi, kada ya taɓa ciki, domin wasu fentin na ɗauke da dalma. Ruwan rufi, ko ya yi garau a ido, a tace shi a tafasa ko a sa masa maganin tsabtace ruwa kafin a sha. Mafi girma duka, rijiyar zuba ruwa ba a haƙa ta kusa da masai ko ramin shadda, ba a kuma haɗa ta da kwatar da ruwan wanki da na bayan gida ke bi. A tsofaffin unguwanninmu masu cunkoso, inda masan wannan gida ke jingine da rijiyar wancan, wannan sharaɗi kaɗai zai hana haƙawa a wurare da yawa, kuma gara a hana. A irin wuraren nan tanki a sama shi ne daidai. Dole kuma bakin ramin ya samu murfi mai nauyi saboda yara.

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane, kuma a wannan harka ina ganin tsarin ke nan: mai zane ya shigo tun ranar da ake shawarar inda tanki zai zauna, ya ji ta bakin matan da ke ɗibar ruwa, ya san mahaƙin da sunansa. In aka kira shi bayan an gama komai don ya rubuta sunan mai ba da tallafi da manyan baƙaƙe, ba aikin al'umma aka yi ba, talla aka yi.

Kirana ga ƙungiyoyin unguwa da kwamitocin masallatai da shugabannin makarantu shi ne su zaɓi rufi guda ɗaya mai faɗi a wannan rani, na firamare ko na islamiyya. A auna shi, a yi lissafin ruwansa a gaban jama'a, a tara kuɗin bututu da tanki kamar yadda ake tara na gyaran taransifoma. A nemo mai zanen unguwa a biya shi haƙƙinsa, a ba yara buroshi su yi aiki tare da shi, a kuma naɗa mutum biyu, mace da namiji, waɗanda za su riƙa share magudanar rufin da matattara. A kammala kafin ƙarshen watan Mayu.